Mashin ɗin Kawu: a tashe shi da jaka 60 ko a miƙa wa 'yan gwangwan?

Sani Tela (Garwa): Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wurin masu sanin kan inji. Akwai tsohon Suzuki AX100 na Kawuna da ke jingine a zaure, tun kafin korona rabon da a tashe shi. Jiya ya ce in ɗauka in ina so. Tayoyin duka sun kwanta, ɓera ya cinye soson kujera, in ka buɗe tanki wani irin wari ke bugo ka, man ciki ya zama danƙo. Kik yana sauka amma da nauyi. Abin da ke hannuna jaka 60 ce ta sefa, ita ma adashi na kwasa, babu wani ƙari a bayanta. Ina so in yi aikin da kaina a tsakar gida in na tashi daga shago. Buƙatata ya kai ni kasuwa ya dawo da ni, ranar Lahadi kuma in kai ɗinki Pitowa. Ta ina zan fara? Ga hotuna nan na turo.

Bappa Kilando (Marwa): Wa alaikumus salam. Sani ka ji tausayin kuɗin adashinka. Taya biyu da tiyub da sarƙa da batir kaɗai za su lashe rabi, ba ka ma taɓa inji ba. Kira 'yan gwangwan su ɗora a sikeli, ka haɗa da na hannunka ka ba da kafin alƙalami na Boxer ko TVS na hannu.

Maman Ummi (Ngaundere): Kai Bappa, ko amsa sallama ba a gama ba har ka yanke hukunci.

Bappa Kilando (Marwa): Hajiya ni a kan mashin nake wuni. Lokacin da AX100 ke tashe a Marwa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, kusan a banza take, kowane lungu kwalabe a jere. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan zamanin ya wuce. A gidan mai na nan Kamaru kuma lita daga sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, shekara na zagayowa ta zama 840. Injin 2T irin na AX100, mai ƙona man inji tare da fetur, ya fi 4T irin na Boxer shan fetur, ga man 2T da za ka riƙa saya daban. Abin da ya sa muka ajiye su ke nan, ba ƙiyayya ba ce.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Sani ɗana, sannu da himma. Maganar Bappa daidai ce ga mai kilando, wato ɗan acaɓa, wanda ke zaga gari tun asuba har isha. Kai daga gida sai shago, sai Pitowa sau ɗaya a mako, tafiyar da ba ta cika kilomita 20 ba. Ɗan bambancin man da zai sha maka ba zai kai abin da kake miƙa wa 'yan kilando kullum ba.

Amma kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Fara da takarda. Ka karɓi kartigiris, wato takardar rajistar mashin, a hannun Kawu, ka goge wuyan firam, nan ƙarƙashin kan mashin inda aka buga lamba, ka gwada da ta jikin takardar harafi bayan harafi. In babu takarda ko lamba ta saɓa, to aikin ya tsaya a nan, don duk abin da ka kashe na jandarman farko da ya tare ka ne. In ta yi daidai, sai ka kwantar da idonka a bayan mashin ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, ka kuma duba ƙarƙashin inji da wurin mataka ko akwai tsaga ko tsohuwar walda.

Sannan inji. Ka daina taka kik ɗin nan da ƙarfi. Ka kwance buji, wato fulogi, ka ɗiga man 2T kamar cokali guda a ramin, ka bar shi ya kwana. Gobe ka sa giya ta huɗu ka riƙa juya tayar baya da hannu a hankali. Ka saurara. Bayan haka ka toshe ramin buji da babban yatsa, wani ya taka maka kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai rai a ciki.

Malam Hamisu (Garwa): Kafin a kai ga inji, ni tambayata ɗaya ce. Kawu cewa ya yi "na ba ka" ko cewa ya yi "ɗauki ka riƙa hawa"? Akwai tazara tsakanin maganganun nan biyu. Mun ga inda yaro ya zuba kuɗinsa a abin dattijo, ranar da ta Allah ta kasance magada suka lissafa shi cikin gado, gyararre. Ka sa ya faɗa a gaban mutum biyu, in da hali a rubuta, 'ya'yansa su sani.

Maman Ummi (Ngaundere): Malam ya faɗi gaskiya. Ba ma sai an je ga gado ba. Mashin da ya mutu ba shi da mai shi, ranar da ya tashi kowa ɗan gida ne.

Sani Tela (Garwa): Subhanallah, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Abin da ya ce shi ne "ɗauke shi ya tare mini zaure". Zan koma da Malam Hamisu tunda unguwarmu ɗaya, in Malam ya yarda.

Malam Hamisu (Garwa): Bayan la'asar gobe in Allah ya kai mu.

Abba Ɗalibi (Marwa): Bappa, ka san TVS ɗin da kake yabo da AX100 ya fara yin babur? Sun haɗa kai da Suzuki, a 1984 suka fito da shi a Indiya da sunan Ind-Suzuki. Kakan mashin ɗinka kake cewa a kai sikeli.

Bappa Kilando (Marwa): Kakana ma yana gida yana hutawa, ba na ɗora masa buhun gero.

Sani Tela (Garwa): Na dawo da rahoto. Kawu ya ce kyauta ce, a gaban Malam da babban ɗansa, an rubuta an sa hannu. Kartigiris tana nan cikin wata tsohuwar jaka, lamba ta yi daidai, sai dai ta daɗe da ƙarewa. Na yi gwajin yatsa, yana turewa amma ba can ba. Da na juya taya ban ji ƙara ba, sai wani "shuu" kawai. Tanki kuwa da na haska tocila ciki ja wur yake da tsatsa.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Alhamdu lillahi. Kartigiris shekara 10 take yi, dama za ka sabunta, sai ka haɗa da mayar da ita sunanka a ofishin sufuri. Ka je ka tambayi kuɗin da na asiransi, wato inshora, tun yanzu, ka ware su gefe, abin da ya rage shi ne kuɗin gyaranka na gaskiya. Mutane suna lissafin fistan su manta da takarda.

Yanzu kwance salansa daga jikin bulok. Noti biyu ne, ka jiƙa su da kananzir tun dare don kada su karye a ciki. In ta fita ka haska ramin, ka juya inji a hankali, za ka ga gefen fistan da ringi suna wucewa. Ka danna ringin da tsinken ashana. In yana ɗan shiga yana dawowa, lafiya lau. In ya daskare a raminsa, baƙin hayaƙi ne ya riƙe shi, shi ya sa iskar ba ta da ƙarfi. In ka ga zane-zane a tsaye a jikin fistan, to ya taɓa kamawa. Ka ɗauko mana hoto.

Maman Ummi (Ngaundere): Na tanki kuma bari in ba ka wanda na gani da idona. Baban Ummi da ya tayar da Yamaharsa tsamiya ya jiƙa, mai yawa, ruwan ya yi kauri ya yi tsami sosai, ya tace ya cika tanki ya toshe. Kwana biyu yana juya shi safe da yamma. Da ya zubar ya zuba tsofaffin notuna ya yi ta girgizawa, abin da ya fito sai ka rantse ƙasar Ngaundere ce. Daga nan ya ɗauraye da ruwan kanwa, ya shanya a rana. Ni dai tsamiyar kunun azumina ce ta tafi.

Abba Ɗalibi (Marwa): Wannan yana da tushe. Tsamin ne ke cin tsatsa, kanwa kuma ta kashe ragowar tsamin don kada ya ci gaba da cin ƙarfe. Ruwan khal ma yana yi, ya fi sauri. Abin lura shi ne da zarar ya bushe ka zuba ɗan fetur da aka haɗa da 2T ka juya ya shafi ko'ina, in ba haka ba kafin gobe sabuwar tsatsa ta fito. Kuma ka cire makullin mai da ke ƙasan tanki kafin ka jiƙa, shi ba ƙarfe ɗaya ba ne da tankin, tsami yana ɓata shi.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Na yarda da tsamiya. Abu ɗaya zan ƙara. In tsatsa ta fita ka ga 'yan ƙananan huji a ƙasa, kada ka kai wa mai walda a haka. Tankin da babu mai a ciki ya fi mai mai haɗari, tururin ne ke fashewa. A nan Gidar mun yi jinyar yaro a kan wannan. Ko a cika shi da ruwa kafin a kusanto da wuta, ko ka liƙe da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu daga waje. Sannan ka sayi ƙaramar filta ta roba ka sa a tiyon mai, kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba.

Alhaji Ɗanjuma mai kayan gyara (Kusiri): Salamu alaikum, yanzu na ga zancen. Sani, sa'arka ɗaya, AX100 ba ya rasa kaya. Kamfanin Jincheng na Nanjing ya daɗe yana ƙera shi da fasahar Suzuki, wasu ma sun kwaikwaya, don haka kayan sun cika kasuwa daga Mubi har Njamena. Masu tsallako gadar Ngeli suna zuwa nema wurina har yau. Amma ina gaya maka a matsayina na mai sayarwa: kaya hawa-hawa ne, kuma kwalin da aka rubuta wa Japan ba shi ne shaida ba, kwali bugawa ake yi. Wayar birki, wayar kuloci, ƙwan fitila, madubi, rigar kujera, ɗauki na araha. Ringi, fistan, boris da sil, nan ka daure ka sayi mai kyau ko da za ka kwana da yunwa. Abu mafi muhimmanci, kada ka yarda wani ya ce ka kawo tsohuwar kafiretarka a canza maka da sabuwa. Ta jikin mashin ɗin in ta asali ce ta fi sabuwar da ke rataye a shagona. Haka bulok, haka maganeto.

Bappa Kilando (Marwa): Yau ga mai kaya yana kushe kayansa.

Alhaji Ɗanjuma mai kayan gyara (Kusiri): Ba kushewa ba ne. Wanda ya sayi na araha ya san abin da ya saya. Wanda aka karɓe wa na asali aka ba shi na araha shi aka cuta.

Sani Tela (Garwa): Ga hoton fistan. Ringi na sama ya daskare, na ƙasa yana motsi. Ban ga zane mai zurfi ba. Bakin ramin salansa kuma ya toshe da baƙin abu, da ƙyar ɗan yatsana ke shiga. Kafireta na kwance ta a kan tiren shayi, ciki kore shar. Zan iya zura allurar keke in buɗe ƙananan ramukan?

Baba Iliya Makaniki (Gidar): A'a! Ajiye allura, tela. Jet, wato 'yan sukurorin da ramukan ke jikinsu, tagulla ce, allura ƙarfe ce, tana shiga ta faɗaɗa ramin, daga nan mashin ya riƙa shan mai ba ka san dalili ba. Ka jiƙa su a fetur mai tsabta su kwana, ka warware tsohuwar wayar lantarki ka zaro sili ɗaya na jan ƙarfe, da shi za ka bi ramin. Ka ɗaga jet ɗin ka kalli rana ta ciki, sai ka ga haske zagaye sosai. Ƙaramin shi ke toshewa, shi ne kuma ke riƙe mashin in yana tsaye. Kafin ka kwance sukurun iska ka ɗaura shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga juyi, ka rubuta, ka mayar da shi yadda ka same shi. Yawanci wajen ɗaya da rabi ne.

Fistan ɗinka ina ganin zai yi. Cire kan inji da bulok, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin inji kafin komai, don in ƙaramin kilif ya faɗa ciki sai an raba inji biyu. Ringin da ya daskare ka jiƙa shi, ka fitar da shi a hankali, ka karya tsohon ka kankare ramin da guntunsa. A cikin ramin akwai ɗan ƙaramin ƙusa, bakin ringi a kansa yake haɗuwa, in ka saɓa ka tura bulok da ƙarfi ringi ya karye. Kibiyar da ke saman fistan tana kallon salansa. Ka duba saman fistan ko an buga 0.25 ko 0.50, wannan ne zai gaya maka ko an taɓa faɗaɗa bulok, da girman ringin da za ka saya. Ka bi cikin bulok da farce. In farce bai maƙale ba, ringi da gaskit kawai za ka saya, ka tsira da kuɗin masu yankan bulok.

Salansa kuma ka cire bututun da ke cikin wutsiyarta, ka ɗora ta a garwashi har baƙin man ya ƙone ya daina hayaƙi, in ta huce ka bubbuga da katako. A bayan gida za ka yi, nesa da mata da yara. Rabin AX100 da ake cewa ya mutu salansa ce ta toshe.

Sale Gajere (Njamena): Ni shawarata ka cire famfon 2T ɗin nan gaba ɗaya ka jefar. Ka riƙa haɗa mai a tanki da hannunka, ka san abin da ka zuba. Duk nan haka muke yi. Famfo in ya tsaya ba ya sallama, sai dai ka ji inji ya kama a tsakiyar hanya.

Abba Ɗalibi (Marwa): Yaya Sale, a nan ban bi ka ba. Famfon yana ba da mai ne gwargwadon yadda ka murɗa totur da yadda inji ke gudu. Haɗin hannu kuwa awo ɗaya ne ko kana tsaye ko kana gudu, shi ya sa buji ke yawan yin baƙi. Kuma a wasu injinan Suzuki famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, in ka cire shi ka bar boris da ƙishi.

Sale Gajere (Njamena): Abba wannan karatun littafi ne. Nawa shekara nawa yana tafiya babu famfo.

Abba Ɗalibi (Marwa): Sau nawa ka canza karanshaf a shekarun?

Sale Gajere (Njamena): Wannan kuma hanya ce ba ta da kyau.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Ku dakata. Na buɗe injinan nan tun kafin a karya darajar sefa a 1994, lokacin da sabo ke shigowa a cikin akwati. Famfon da ya lalace da kansa kaɗan na gani. Abin da na fi gani: tankin 2T ya ƙafe mai shi bai duba ba, ko tiyo ya tsage iska ta shiga, ko wayar famfo ta tsinke, ko an zuba masa baƙin man da aka juye daga mota ya toshe. Sai a ce famfo ne. Sani, ka bi tiyon da ke fita daga famfo ka ga inda ya shiga. Ka canza su da sababbi masu haske waɗanda ake ganin mai a ciki. Ka wanke tankin 2T, ka cika, ka sassauta sukurun fitar da iska har mai ya fito babu kumfa. Tankin fetur na farko ka haɗa masa 2T, mililita 30 a kowace lita, ka sa alama a jikin tankin 2T. In ka ga mai yana tafiya a tiyo, alamar kuma tana sauka, famfo na aiki, ka daina haɗawa. In bai sauka ba, lokacin sai mu yi maganar Sale.

Kuma sirinji za ka nema na awo. Murfin kwalba ba awo ba ne.

Sale Gajere (Njamena): To Baba, na ji. Amma ranar da ya tsaya a hanyar Pitowa ku tuna da ni.

Maman Ummi (Ngaundere): Duk kun taru a kan inji. Wa zai yi maganar birki? Yaron nan da ɗinkin mutane zai hau titi, ga manyan motocin auduga.

Bappa Kilando (Marwa): Yawwa Hajiya, nan ne wurina. Tunda ya ƙi jin shawara, to ya ji wannan. Ka buɗe wili biyu ka duba shu ɗin birki. Mashin da ya daɗe a ajiye, abin da aka manna a jikin shu yana ɓamɓarewa, ranar da ya saki sai ya cije taya kana cikin gudu. Ko sun yi kyau a ido ka canza, ba su da tsada. Taya kuma ka duba gefenta, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani to tun kafin 2000 aka yi ta. In kuɗi bai isa biyu ba, sabuwa a gaba, ta hannu mai kyau a baya. Tayar baya in ta fashe za ka yi ta rawa ka tsaya, ta gaba in ta fashe sai asibiti. Sarƙa ka jawo ta daga bayan sifiroket, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori ta gama. Kada ka sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora, wata biyu ba za ta yi ba.

Alhaji Ɗanjuma mai kayan gyara (Kusiri): Taya 2.50-18 a gaba, 2.75-18 a baya. Sarƙa in ba ta miƙe sosai ba ka dafa ta: wanke da kananzir, ka jiƙa a man giya mai ɗumi, za ta kai ka bayan salla.

Abba Ɗalibi (Marwa): Soson filtar iska fa? Na tabbata ya zama gari. Kada a tashe shi babu filta, ƙurar hunturu tana shiga ta cinye sabon ringi.

Sani Tela (Garwa): Ya zama gari kam. Ina da ragowar soson katifa a shago, in yanka?

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Na katifa yana marmashewa in ya sha fetur, inji ya haɗiye. Sayi nasa. Ka ɗiga masa 2T ka matse har ya daina ɗiga, man ne ke kama ƙura. Kujera kuwa wannan fagenka ne, soson katifar ya tafi can.

Sani Tela (Garwa): Jama'a ya tashi! Ga bidiyo. Daren jiya wajen ƙarfe goma, na goge buji na ga wuta shuɗiya, na ja cok, taka na farko ya yi tari, can ya kama. Hayaƙi ya cika tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mai yana tafiya a tiyon famfo, na gani da idona. Kujera na ɗinka mata riga da ragowar leda mai kauri. Na sayi ringi, gaskit, shu, tayar gaba, tiyub biyu, wayoyi, filta da buji. Bayan na ware na takarda saura jaka 7. Ina tunanin fenti, don tankin duk ya koɗe. Matsala ɗaya: in ya yi zafi na murɗa na saki, ƙarar ba ta sauka da wuri, sai ya yi ta ihu shi kaɗai kafin ya dawo.

Maman Ummi (Ngaundere): Ma sha Allah! Allah ya tsare hanya.

Sale Gajere (Njamena): Barka. Wayar totur ce ta maƙale, ɗiga mata mai.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Barka ɗana. Na saurari bidiyon sau biyu. Duba wayar kamar yadda Sale ya ce, amma kunnena bai ba ni ita ba. Inji yana shan iska ta inda bai kamata ba. Ka tashe shi, ka fesa ɗan ruwan sabulu a wuyan kafireta da gindin bulok, in ƙara ta canza to nan ne, gaskit ne ko noti bai ɗauru ba. In ba ta canza ba, sil ɗin karanshaf ne na ɓangaren maganeto. Roba ce, shekarun da ya yi a zaure da zafin Garwa sun busar da ita. Kada ka hau shi a haka. Iska in ta fi mai yawa inji yana ɗaukar zafi, yana iya huda saman fistan kafin ka kai gadar Binuwai. Ka duba man giya ma: in yana raguwa kuma hayaƙi fari ne mai kauri ba ya yankewa, na ɗaya ɓangaren ma ya tafi.

Jaka 7 ɗin nan ta sil ce. Fenti ya jira adashi na gaba.

Bappa Kilando (Marwa): Ka ma bar shi a koɗe. Ɓarawo ba ya waiwayar mashin mara fenti.

Sani Tela (Garwa): Na fesa, ƙara ba ta canza ba. Man giya yana nan inda na bar shi. Ke nan sai na cire maganeto. Wani a layinmu ya ce a sa ƙarfe a bayansa a buga da guduma zai fito. Wani abu kuma, Kawu da ya ji ƙara ya aiko a tambaya ko zai samu aronsa ranar Juma'a.

Malam Hamisu (Garwa): Aro dai ya ce. A riƙe kalmar.

Baba Iliya Makaniki (Gidar): Guduma ba za ta taɓa maganeton nan ba. Bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa bakin karanshaf, kuma kuɗinsa ya fi duk abin da ka kashe. Akwai abin cire shi, ina da biyu. Gobe zan ba wani direba da ke lodin Garwa, zan turo maka lambarsa ta gefe, ka same shi a tasha kafin azahar. In maganeto ya fito akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar rabin wata a jikin sandar, ka ajiye shi a gwangwanin maɓallanka don ɓacewa yake yi. Kafin ka kwance farantin kwayil ka ja layi da ƙusa daga jikinsa zuwa jikin inji, ka mayar da shi a kan layin. Tsohon sil ka tafi da shi kasuwa, lambobinsa suna jikinsa. Sabon ka shafa wa leɓensa 2T, ka tura shi daidai da bakin ramin da tsohon soket, kada ya karkace. Ka ce wa Kawu Juma'a ta sama. Abin cirewar kuma ka dawo mini da shi ta hannun direban nan ranar Laraba, akwai mai jiran sa.